Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar NDPC: Wa Ke Riƙe da Sirrin Zirga-zirgar Mai Mota a Nijeriya?

Zuwa ga Kwamishinan Ƙasa,
Hukumar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, NDPC,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan hukumarka. Ni mai aikin wayarin mota ne a Kano, kuma cikin abubuwan da nake ɗaura wa motocin jama'a har da na'urar bibiya, wadda kowa ke kira tiraka. Na rubuto ne in roƙi hukumarku ta waiwayi mota, domin ita ma ta shiga sahun masu tattara bayanan mutane, kuma ta fi banki da kamfanin talabijin sanin inda mutum yake kwana.

Mun ga ƙoƙarinku. A Agustan 2024 kun ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, a Yulin 2025 kuka ci MultiChoice naira miliyan 766. Wannan ya nuna dokar kare bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ba ta tsaya a takarda ba. Shi ya ba ni ƙarfin gwiwar kawo wannan ƙorafi.

Bari in fara da cikin motar, tunda nan hannuna yake. Yawancin sababbin motoci suna fitowa daga masana'anta da wani ɗan akwati a ɓoye, wani a bayan allon gaba, wani a ƙarƙashin rufi ko cikin but, da nasa sim da na'urar GPS. An haɗa shi da wayoyin da ƙwaƙwalen motar ke magana da juna ta cikinsu, don haka duk abin da ya gilma yana ji: gudun da ake yi, yadda aka taka birki, yadda aka danna totur, yadda aka sha kwana, ko an ɗaura bel, ƙarfe nawa aka tayar da inji, a ina aka kashe shi. Sai ya tattara ya aika wa kamfanin da ya ƙera motar, mai motar kuwa yana zaune yana jin labarai a rediyo. Abin yana da amfaninsa. Tarayyar Turai ta wajabta, daga 31 ga Maris 2018, duk sabon samfurin ƙaramar mota ya zo da na'urar da za ta kira lambar gaggawa 112 da kanta idan an yi hatsari, ta faɗi wurin da abin ya faru. Duk wanda ya taɓa iske hatsari a hanyar Kano zuwa Zariya cikin dare, babu mai kiran kowa, ba zai raina wannan ba. Amma da zarar mota ta samu layin waya, ba motar asibiti kaɗai za a kira da shi ba.

Amurkawa sun ɗanɗana. A Maris 2024 jaridar New York Times ta fallasa yadda General Motors yake kwashe bayanan tuƙin masu motocinsa ta wani shiri mai suna OnStar Smart Driver, yana miƙa wa dillalan bayanai biyu, LexisNexis da Verisk, su kuma su sayar wa kamfanonin inshora. Wani dattijo mai Chevrolet Bolt, ƙirar General Motors, a jihar Washington ya ga kuɗin inshorarsa ya tashi da kashi 21 cikin 100, alhali bai taɓa jawo hatsari ba. Da ya nemi a ba shi fayil ɗinsa, aka aiko masa da shafi 258: tafiye-tafiye 640 cikin wata shida, kowace da lokacin tashi, lokacin tsayawa, nisan da aka yi, da sau nawa ya taka birki da ƙarfi ko ya fizgi motar. Da yawa daga masu motocin ba su ma san an sa su cikin shirin ba, an danna musu amincewa ne tun a wurin sayen motar, cikin tulin takardun da ake cewa sa hannu nan, sa hannu nan. Jihar Texas ta maka General Motors a kotu a Agustan 2024 kan bayanan mazauna jihar sama da miliyan 1.8. A Janairun 2025 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta ce akwai motocin da ake ɗaukar wurin da suke duk bayan daƙiƙa uku, ta kuma sanar da matakin hana kamfanin ba irin waɗannan dillalai bayanan har tsawon shekara biyar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne farashin. Sanatoci biyu, Ron Wyden da Ed Markey, sun bayyana a Yulin 2024 cewa Honda ya ba Verisk bayanan motoci 97,000 a kan dala 25,920, wato santi 26 kowace mota. Hyundai ya ba da na motoci miliyan 1.7 a kan dala miliyan ɗaya da ɗoriya, santi 61 ke nan kowace. Santi 26 ba zai sayi litar fetur ɗaya a gidan mai a Kano ba. A kan wannan aka sayar da sirrin mutumin da ya ƙirga dubban daloli ya sayi mota.

Tun kafin wannan, a Satumban 2023, gidauniyar Mozilla ta bi ƙa'idojin sirri na kamfanonin mota 25 ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya tsallake. Kashi 84 cikin 100 sun rubuta cewa za su iya raba bayananka da wasu, kashi 76 sun ce za su iya sayarwa, kashi 56 kuwa za su iya ba gwamnati ko jami'an tsaro idan an nema kawai, ko ba umarnin kotu. Biyu rak, Renault da Dacia, suka ba kowane direba damar a goge bayanansa, kuma duka biyun babbar kasuwarsu tana Turai ne, inda dokar kare bayanai ta GDPR ke aiki. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, kamfani yana gyara halinsa ne daidai da idon hukumar da ke kansa.

Ko da ba a sayar ba, ajiyar ma abin tsoro ce. A Disamban 2024 mujallar Der Spiegel da ƙungiyar masana kwamfuta ta Chaos Computer Club a Jamus sun bayyana cewa Cariad, reshen manhaja na Volkswagen, ya bar bayanan motocin lantarki kusan 800,000 a buɗe a rumbun ajiya na Amazon. Kimanin 460,000 daga ciki har da ainihin wuraren da suke tsayawa, wasu kuskuren bai wuce santimita 10 ba. A cikinsu akwai motocin 'yan siyasa da na 'yan sandan birnin Hamburg. Toyota kuma ya amsa da bakinsa a Mayun 2023 cewa bayanan motocin mutum miliyan 2.15 a Japan sun zauna a buɗe kusan shekara goma, daga 2013 zuwa 2023, saboda kuskuren saiti. A Janairun 2025 wasu masu binciken tsaro biyu sun nuna yadda suka shiga shafin ma'aikatan Subaru, suka ga tarihin zirga-zirgar mota na shekara guda, suna iya buɗe ƙofa da tayar da inji daga nesa. Waɗannan fa kamfanoni ne masu dubban injiniyoyi.

Ranka ya daɗe, na san za a ce wannan matsalar Turawa ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Yawancin motocin da ke titunanmu 'yan Kwatano ne. Sim ɗin da ke cikinsu na kamfanonin wayar Amurka ko Turai ne, kuma da yawa sun yi shiru tun can, musamman bayan da manyan kamfanonin wayar Amurka suka rufe layin 3G a 2022. Inshora ma a nan akasarin mutane ta naira 15,000 suke yanka don kada a tare su a hanya, babu ruwanta da yadda kake taka birki. To amma cutar da ta shiga wa Ba'amurke ta aljihu, mu ta wata ƙofa za ta shigo mana, kuma tamu ta fi muni. A ƙasar da ake tare hanya a yi garkuwa da mutum, sanin cewa Alhaji wane yana barin Kaduna duk Litinin bayan sallar Asuba ya nufi Abuja, yana tsayawa shan mai a wuri kaza, yaransa suna tashi daga makaranta kaza ƙarfe biyu, ba maganar kuɗin inshora ba ce. Maganar rai ce.

Akwai abin da allon motar yake riƙewa ko babu intanet. Mutum ya haɗa wayarsa ta Bluetooth, mota ta tambaya ko ta kwafi lambobinsa, ya danna eh don ya riƙa ganin sunan mai kira. Daga ranar lambobin iyalinsa, jerin kiran da ya yi, da wuraren da ya sa a taswira sun zauna a cikinta. Mu masu gyara mun saba ganin motar da ta tsallako teku da sunayen wasu mutanen Texas ko Maryland da adireshin gidajensu a allo. Haka namu ke tafiya idan mota ta canza hannu daga Kano zuwa Maraɗi, ko daga motar ofis zuwa gwanjo. Dillali yana wanke inji, ya fesa turare a kujeru, amma bai taɓa tunanin goge allo ba, don ba wanda ya ce masa aikinsa ne.

Sannan ga sababbin motoci na shigowa, GAC, Chery, Geely, Jetour, BYD, ban da Toyota da Mercedes na manya, wasunsu da manhajar waya da ke nuna wa mai mota inda take. Kafin wannan bayani ya iso wayarsa sai ya bi ta rumbun wani kamfani. A wace ƙasa rumbun yake? Wa ke da mabuɗinsa? Manyan ƙasashen da ke ƙera motocin ba sa wasa da wannan tambaya. Sin ta kafa ƙa'idojin bayanan mota da suka fara aiki 1 ga Oktoba 2021, ta ce muhimman bayanai a cikin ƙasarta za a ajiye su, har Tesla ya buɗe rumbu a can. Amurka kuma a Janairun 2025 ta fitar da dokar hana manhajar Sin da Rasha a motocin da ke haɗe da intanet daga samfurin 2027. Kowanne yana tsoron motar ɗan'uwansa. Mu kuwa muna saye daga duka ɓangarorin, har mu ɗora manyan jami'an gwamnati a ciki.

Amma inda na fi so ku sa ido shi ne tiraka, domin ita ce motar intanet ta talakan Nijeriya, kuma ta riga ta cika gari. Satar mota ta sa kowa yana nema. Mai ba da adaidaita sahu ko babur bashi, a biya kaɗan-kaɗan, ba ya sakin makulli sai an ɗaura. Masu tireloli da tankokin mai suna bin direbobinsu da ita daga Apapa har Maiduguri. Ga yadda aikin yake tafiya a gareji: a sayo 'yar na'ura mai arha a kasuwa, a sa mata sim, a ɓoye ta a cikin wayarin, a haɗa ta da wayar famfon mai yadda za a iya kashe motar da saƙon tes. Daga nan mai ɗaurawa ya buɗe wa mai motar asusu a wani shafin intanet da ya zo tare da na'urar, wanda galibi ba a ƙasar nan rumbunsa yake ba. Asusun mai motar kuwa yana ƙarƙashin babban asusun mai ɗaurawa ne ko na dilan da ya sayar masa. Ma'ana, yaron da ya ɗaura maka tiraka a bara, ko da kun rabu dutse a hannun riga, yana iya buɗe wayarsa yau ya ga ƙofar gidan da motarka ta kwana. Sim ɗin ma sau da yawa da sunansa aka yi rajista, ba da sunan mai motar ba. Babu takardar yarjejeniya, babu wanda ya tantance shi, babu wanda zai tambaye shi wa ya nuna wa. Akasarin abokan sana'ata mutanen kirki ne masu tsoron Allah. Sai dai tsaron ran mutum bai kamata ya rataya a kan halin kirkin wanda ba a san shi ba.

Na'urorin su kansu ba su da ƙwari. A Yulin 2022 kamfanin binciken tsaro na BitSight, tare da hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, sun yi gargaɗi kan wata tiraka mai suna MiCODUS MV720 da ake ƙerawa a Shenzhen, ana sayar da ita kusan dala 20. Lambar sirrin da take zuwa da ita 123456 ce, kuma akwai wata babbar lambar sirri da aka dasa a cikin tsarin, wadda mai kutse zai bi ya ga inda mota take, ya kuma yanke mata mai tana cikin tafiya. Kamfanin da ke yin ta yana da na'urori kusan miliyan 1.5 a ƙasashe 169. Ku tambayi duk mai wannan sana'a, mutum nawa cikin kwastomominsa suka taɓa canza lambar sirrin da aka ba su ranar farko.

Ga kuma wanda ake bibiya bai sani ba. Ɗan adaidaitan da ya makara da balas na kwana biyu, a kashe masa mashin daga nesa yana tsakiyar titi da fasinja mata da yara. Direban gida da ba a gaya masa cewa na'urar tana da makirufo ba, alhali wasu samfuran suna da shi, ana kiran lambar sim ɗin a ji duk hirar da ake yi a mota. Matar da mijinta ya zo gareji ya ce a ɗaura a motarta kada ta sani, wani lokaci ma igiyar auren ta riga ta tsinke. Mai dukiya yana da haƙƙin kare dukiyarsa, ban musa ba. Amma kare mashin daban, sanin asibitin da mutum yake zuwa da masallacin da yake salla daban, kuma dokarku ta sa lafiya da addini cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Ba sai an tambayi mutum aƙidarsa ba, wurin da yake ajiye mota duk Juma'a ya isa.

Abin farin ciki, ba sabuwar doka nake roƙo ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrinsa. Dokar 2023 ta hau kan kamfanin da ke waje muddin bayanan mutumin da ke cikin Nijeriya yake sarrafawa. Sashe na 26 na wannan doka ya ce shiru ba amincewa ba ne, kuma a nemi amincewa da harshe mai sauƙi. Sashe na 34 ya ba mutum damar ganin abin da aka tara a kansa da neman a goge. Sashe na 37 na dokar ya yi magana kan hukuncin da na'ura ke yankewa ita kaɗai ba tare da ɗan'adam ya duba ba, wanda a ganina ya shafi tsarin da ke kashe inji da kansa idan ranar biya ta wuce. Sashe na 40 ya ba da awa 72 a sanar da ku idan bayanai sun fita, sashe na 41 zuwa 43 kuma sun tsara fitar da bayanai ƙasashen waje. Abin da ya rage shi ne a fassara waɗannan zuwa harshen gareji da na dillalan mota, kamar yadda hukumar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta yi da ta kammala jagora na musamman kan motoci masu intanet a 2021.

Don haka ina roƙon ku fitar da irin wannan jagora, ku fara da tiraka. A ce duk mai sayar da hidimar bibiya ya yi rajista da ku, ya faɗi ƙasar da rumbunsa yake da tsawon lokacin da yake ajiye tarihin tafiya. Don gano motar da aka sace jiya, ba a buƙatar tarihin shekara biyu. A wajabta miƙa wa mai mota cikakken ikon asusunsa, da sim mai rajista da sunansa, a kuma nuna masa yadda zai canza lambar sirri kafin ya bar wurin. Wanda zai tuƙa abin hawa na bashi ko na aiki a gaya masa akwai na'ura, a gaya masa abin da take ɗauka, kuma a haramta kashe inji abin hawa yana tafiya. Wannan na ƙarshen ko ba don sirri ba, don rayukan da ke kan titi.

Masu shigo da sababbin motoci su ma ku aika musu takarda, tare da hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci da hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, su amsa a rubuce: me motar take aikawa, ina take aikawa, da wa ake rabawa, kuma ta yaya mai ita zai kashe abin ba tare da ya rasa garanti ba. Ku wallafa amsoshin kowa ya gani. Dillalai da masu ba da hayar mota da ofisoshin da ke gwanjon motocinsu kuwa, a ɗora musu nauyin goge allo kafin mota ta canza hannu, aikin da bai wuce minti biyar ba.

Akwai batun jami'an tsaro, wanda na san yana da sarƙaƙiya. Dokar ta sassauta musu a sashe na 3 saboda binciken laifi da tsaron ƙasa, kuma tiraka ta sha taimakawa wajen ƙwato motocin sata. Amma a aikace, wani yana iya shigowa shago ya nuna kati, ya ce a buɗe masa tafiye-tafiyen motar wane. Ƙaramin mai sana'a ba shi da bakin cewa a'a, ba shi kuma da hanyar tantance katin. Ku ba mu ƙa'ida rubutacciya da za mu nuna, wadda ta ce sai da takardar kotu ko wasiƙar hukuma da za a iya bin sawunta. Ita za ta kare mai motar, ta kare mu, ta kuma kare sunan jami'an na gaskiya.

Sai harshe. Gargaɗin da ke fitowa a allon mota da manhajar tiraka da Ingilishi yake, wani ma fassarar Sinanci ce da ko mai digiri sai ya yi da gaske. Direban da ya danna maɓalli don rubutun ya kauce ya ga taswira, ba a ce ya amince ba. Ku sa a yi taƙaitaccen bayani da Hausa, Yarbanci, Ibo da Pidgin, ku kai shi gidajen rediyo, ku kai wa shugabannin ƙungiyoyin sufuri na NURTW da NARTO da ƙungiyoyin 'yan adaidaita sahu, su karanta wa mutanensu a tasha.

Kafin ku rubuta jagoran, ku turo ma'aikatanku su zauna da masu ɗaura na'urorin nan a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas. Su ce a buɗe musu babban asusun mai ɗaurawa guda ɗaya, su ƙirga motocin da ke motsi a taswirarsa, sannan su tambayi masu motocin ko sun san yana ganinsu.

Allah ya yi maka jagora a wannan aiki.

Naka,
Wani mai aikin wayarin mota,
Ƙofar Ruwa, Kano.